NEMAN AIKI A ƘASASHEN WAJE A MA'AUNIN SHARI'A

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, matsin rayuwa ya sa samarinmu da yawa, har da mata, sun ɗaura niyyar fita neman aiki, musamman a Saudiyya da Libiya da Aljeriya. Saboda haka muka ga ya wajaba mu yi wa juna nasiha.

Da farko dai, tafiya neman halal ba aibi ba ce. A aya ta 20 ta Suratul Muzzammil, Allah Ya ambaci matafiya masu neman falalarsa tare da masu yaƙi don ɗaukaka addininsa. Annabi Musa (A.S.) ya yi ƙodago a Madyana, kuma Suratul Ƙasas ta nuna abu biyu da suka sa aka ɗauke shi: ƙarfin yin aikin da riƙon amana. Haka nan an yanke wa'adin aikin tun kafin ya fara, shekara takwas ko goma. Daga nan muke fahimtar cewa mai fita ya tafi da sana'a a hannunsa, kuma ya san sharuɗɗan aikinsa. Malaman fiƙihu sun shardanta a babin ijara cewa aikin da ladan su zama sanannu. Wanda ya miƙa wa dillali kuɗin gonarsa ba tare da ya ga takardar yarjejeniya ba, ya sayi kifi a ruwa.

Abu na biyu, a san dokar ƙasar da za a je. A Saudiyya baƙo yana aiki ne da takardar zama da ake kira iƙama, ƙarƙashin wanda ya ɗauke shi, wato kafili. A shekarar 2021 an sassauta wannan tsari ta yadda ma'aikaci zai iya sauya wurin aiki bisa wasu sharuɗɗa, amma sassaucin bai haɗa da 'yan aikin gida ba, alhali nan ne ake kai mafi yawan matanmu. Bizar Umara kuwa ba ta halatta aiki. Wanda ya karɓe ta da niyyar ɓacewa a Makka ko Jidda ya yi yaudara, ya saɓa alkawari, ya mai da ibada tsanin neman duniya. Sannan zai rayu cikin ɓuya, in an cinye masa lada ba shi da inda zai kai kuka. Mun ga yadda aka yi ta kame da kwaso mutane bayan ƙarewar wa'adin afuwa a watan Nuwamba na 2013.

Abu na uku, rai amana ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamadar arewacin Arlit, a kan hanyar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A 2017 duniya ta ga hotunan baƙin haure ana cinikinsu a Libiya tamkar bayi. Wane arziki ne ya kai a sayar da rai dominsa? Shari'a ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, kuma hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim a kan hana mace tafiya ba muharrami. Ku kuma kiyayi karɓar saƙon da ba ku san abin da ke ciki ba, domin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya hukuncinta yana kaiwa ga kisa.

Abu na huɗu, haƙƙin waɗanda aka bari a gida. Ciyar da iyali ba ya faɗuwa saboda tafiya, kuma barin mace shekara da shekaru, ba saƙo ba labari, zalunci ne. Haka nan a nemi yardar iyaye, a yi istihara, a bincika ko aikin zai bar mutum ya tsai da salla.

Muna kira ga mawadatanmu su ba samari jari da horon sana'a, malamai kuma su yawaita faɗakarwa a masallatai. Allah Ya azurta mu da halal, Ya tsare matafiyanmu, Ya komo da su lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.