Don Me Ma'aikatanmu Suke Barinmu?

Maganarmu ta yau ta ma'aikata ce: malamin firamaren ikkilisiya, mai ba da magani, mai gadi, har da yaron shago. Mukan ɗauki mutum, mu koya masa aiki shekara biyu, ya ƙware, sai wata safiya mu ji ya koma Zuru ko Kontagora. Sai mu ce yaran zamani ba su da haƙuri. Anya kuwa?

A ƙasar Zuru mun san golmo. Saurayi yakan yi shekara bakwai yana noma wa surukinsa bai gudu ba, gama ya san abin da ke jiransa, gari kuma shaida ne. Yakubu ma ya yi wa Laban shekara ashirin, amma da ya tashi tafiya, kukansa shi ne an yi ta sauya masa lada har sau goma. Mu fa, sau nawa muka ce wa malami, "Yi haƙuri, baikon wannan wata bai kai ba"? Ranar biya ta wuce, ba wanda ya je gidansa ya yi masa bayani. Wannan shirun ya fi ƙarancin kuɗin ciwo.

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na abinci suka hau. A 2024 gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma ma'aikacinmu yana da kunne, yana kuma lissafi. Yawancin ikkilisiyoyinmu ba za su iya biyan haka ba. Abin da za mu iya shi ne mu rubuta yarjejeniya, mu tsai da ranar biya, mu cika ta. Mu ba shi ɗaki da fegin gona, da kaka kuma a auna masa dawa. Wanda yake so ya ƙaro ilimi mu sake shi, da alkawarin dawowa a rubuce.

Akwai wadda ba ta cin ko kwabo. Kada a tsawata wa malami a gaban ɗalibansa. Kada kuma a ɗora ɗan dattijo a kan wanda ya riga shi aiki; mun san ana yi, kowa ya duba majalisarsa.

Sai batun tsaro. Ba mu manta da 'yan sa kai da aka kashe a yankin Sakaba a watan Maris na 2022 ba. In muka tura mutum ƙauye, mu samo wa iyalinsa masauki a cikin gari, kada mu kira tsoronsa raki.

Muna roƙon kowane ma'aji ya zo taro na gaba da sunayen waɗanda ke bin mu albashi, da yawan watannin. Da su za mu fara.