Diwali: Daren da Ake Kunna Fitila Saboda Mai Zuwa

Masu sha'awar finafinan Indiya sun sha ganin wani dare da ake jera ƙananan fitilu a kan katangu da bakin ƙofofi da dakali, har gida ya zama kamar an zuba masa taurari. Wannan dare shi ne na Diwali, babban bikin mabiya addinin Hindu, wanda ke zuwa tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba, lokacin da damina ta ɗauke, kaka ta shigo. Asalin sunan daga harshen Sanskirit yake, wato Dipawali, ma'anarsa kuwa jerin fitilu.

Ita fitilar, wadda suke kira diya, 'yar ƙaramar kasko ce ta yumɓu, tamkar aci-balbal, ana zuba mata man shanu ko man riɗi, a sa mata lagwanin auduga. Ana kunna ta a daren da wata ya ɓace ƙurmus, cikin watan da mutanen arewacin Indiya ke kira Kartika. Kalandarsu ta wata ce, amma kusan duk bayan shekara uku sukan ƙara wata guda domin lissafi ya daidaita da rana, shi ya sa bikin ba ya barin kaka. To, me ya sa aka zaɓi dare mafi duhu? Amsar tana cikin labaran da kowane yanki ke bayarwa, kuma galibinsu sun haɗu a kan abu ɗaya: akwai wani da ke tafe, dole a haska masa hanya.

A arewacin Indiya, mai zuwan shi ne Rama, wanda labarinsa ke cikin littafin Ramayana da ake jingina wa Walmiki. Rama ɗan Sarkin Ayodiya ne, shi ne kuma ke jiran gado. Amma kishiyar mahaifiyarsa ta riƙe wani alkawari da Sarki ya taɓa yi mata, ta nemi a naɗa ɗanta Barata, a kori Rama zuwa daji shekara 14. Rama ya amince, don kada maganar mahaifinsa ta faɗi ƙasa. Matarsa Sita da ƙanensa Lakshmana suka bi shi. Barata kuwa ya ƙi hawa gadon sarauta, ya ɗora takalman wansa a kai, yana riƙon ƙasa da sunansa. A can daji Rawana, Sarkin Lanka, ya sace Sita, aka gwabza yaƙi, Rama ya kashe shi da taimakon Hanuman da rundunar birai. Da wa'adi ya cika suka kamo hanyar gida, ba farin wata, sai mutanen Ayodiya suka jera fitilu don yi musu maraba. Mabiya Hindu suna ɗaukar Rama a matsayin ɗaya daga cikin siffofin da Wishnu, abin bautarsu, ya sauko duniya da su, kuma darasin da suke fitarwa shi ne cika alkawari ko da zai ja wa mutum hasarar sarauta.

A kudancin ƙasar, musamman jihar Tamil Nadu, Kirishna ake tunawa, wanda ya hallaka azzalumi Narakasura, ya 'yanto mata dubu 16 da ke tsare a hannunsa. Saboda haka mutanen can sukan tashi tun kafin asuba, su shafe jiki da mai, su yi wanka, su sa sababbin tufafi. A Bengal kuwa, daren na bautar Kali ne.

Baƙuwar da kusan kowane gida ke dako ita ce Lakshmi, matar Wishnu, wadda suke danganta wa arziki da yalwa. Sun yi imani cewa a wannan dare takan zaga gari, kuma ba ta shiga gida mai duhu ko ƙazanta. Don haka tun da sauran makonni ake share kowane lungu, a yi shafen farar ƙasa, a fitar da tarkace. Mata sukan zana ado a ƙofar gida da garin shinkafa da hoda mai launi da furanni, shi ne rangoli, wasu har su zana 'yan sawaye masu fuskantar cikin gida. Da magariba iyali su taru gaban gumakan Lakshmi da Ganesh mai kan giwa, su miƙa furanni da alewa da kuɗi, sannan a bar ƙofofi da tagogi a buɗe.

A wurare da dama bikin kwana biyar ne. Ranar farko, Danteras, ana sayen zinariya ko azurfa, wanda bai da hali ya sayi ko da kwano ne. Rana ta biyu ta tunawa da faɗuwar Narakasura ce. Ta uku ita ce babbar rana, ta Lakshmi. A ta huɗu ana tara abinci tsibi guda a wuraren ibada, don tuna labarin da ke cewa Kirishna ya ɗaga dutsen Gowardan da ɗan yatsa, makiyaya da shanunsu suka fake a ƙarƙashinsa daga ruwan sama har kwana bakwai. Ta biyar ta zumunci ce: ɗan'uwa ya ziyarci 'yar'uwarsa, ta ɗiga masa jan launi a goshi tana yi masa fatan tsawon rai, shi kuma ya ba ta kyauta.

Fatake ma ba a bar su a baya ba. A jihar Gujarat, kashegarin babbar rana ita ce farkon sabuwar shekara. Mai kanti yakan rufe tsohon littafin lissafi, ya yi ƙoƙarin sauke bashin da ke kansa, ya kawo sabon littafi a sa masa albarka. Har kasuwar hannun jari ta Mumbai takan buɗe na awa guda a ranar Diwali, don a yi cinikin neman sa'a.

Wasu addinai biyu na ƙasar suna da nasu rabo a daren. Mabiya addinin Jain suna tuna ranar da malaminsu Mahawira ya bar duniya a Pawapuri, cikin jihar Bihar ta yau, a shekara ta 527 kafin haihuwar Annabi Isa bisa lissafinsu. Sukan ce hasken ilmi ya tafi, sai a kunna na fitila a madadinsa. Mabiya addinin Sikh kuwa suna tuna sakin shugabansu na shida, Guru Hargobind, daga kurkukun Gwaliyo a zamanin Sarki Jahangir. Labarinsu ya nuna cewa ya ƙi fita sai tare da sarakuna 52 da ke ɗaure tare da shi. Sarki ya ce wanda ya iya riƙe rigarsa kaɗai zai fita, sai ya sa aka ɗinka masa riga mai igiyoyi 52, kowa ya kama ɗaya. Da ya iso Amritsar aka tarbe shi da fitilu.

Bikin ya bi Indiyawa duk inda neman abinci ko ƙaddara ta kai su. Ranar hutu ce a Nepal, da Siri Lanka, da Singafo, da Fiji, da Morishiyos, da Guyana, da Tirinidad. A Ingila, birnin Lesta ya yi suna da shi, inda da yawa daga cikin Indiyawan da Idi Amin ya kora daga Uganda a 1972 suka yada zango.

Sai dai fitilar yumɓu ta sami kishiyoyi, wato ƙwayayen lantarki da wasan wuta. Bikin yana zuwa daidai lokacin da manoman Punjab da Haryana ke ƙone karan shinkafa, iska kuma ta lafa, hayaƙi ya tsaya cik a kan birnin Delhi. Idan na wasan wuta ya haɗu da shi, yara da tsofaffi da masu ciwon asma su ke ji a jikinsu. A 2018 Kotun Ƙoli ta Indiya ta ƙayyade wasan wutar ga awa biyu, daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare, ta kuma ce sai irin mai ƙarancin hayaƙi. Masu goyon bayan hukuncin suna cewa ibadar ba ta bukatar ƙara da hayaƙi. Masu adawa suna ganin an taɓa al'adarsu, suna kuma nuni da dubban ma'aikatan garin Siwakasi da ke ci daga wannan sana'a.

Duk da wannan takaddama, maginan tukwane suna nan suna gasa kasake kowace kaka. A 2024 an kunna fiye da miliyan biyu da rabi a gaɓar kogin Sarayu a Ayodiya cikin dare ɗaya. A yawancin gidaje kuwa ba su wuce 'yan ƙalilan ba: uwar gida ta murza lagwani, ta zuba mai, ta miƙa wa yara su ajiye ɗaya a bakin rijiya, ɗaya a garke, ɗaya a ƙofar gida, sannan a zauna a jira.