Taki, gaba da mita: awon burtali da awon tiya



Mun taso muna awo da jikinmu. Kamu daga gwiwar hannu ne zuwa ƙarshen yatsa, kusan rabin mita. Gaba ita ce buɗe hannuwa biyu, kusan tsawon mutum, tsakanin mita 1,6 da 1,8. Da ita muke sanin zurfin rijiya da tsawon igiyar guga. Tsakaninmu wannan awo ya wadatar. Matsala tana tasowa ne ranar da aka zauna da hukuma, don ita takarda ba ta san taki ba, mita ta sani.

Tun da aka kafa dokar karkara a Nijar a 1993, kwamitocin kula da filaye ne ke shata burtali da makiyaya da mashaya, su kafa duwatsu, su rubuta faɗi da mita. To, takin mutum na yau da kullum bai kai mita ba, santimita 70 ne zuwa 75. Idan takarda ta ce burtali mita 50, kuma mai gona ya taka 50 ya ce ga iyaka, an ci mana wajen mita 13 zuwa 15 muna tsaye muna kallo. Mita 50 taki 70 ne, ko kusa da haka. Mun taɓa rasa gefen wani burtali ta wannan hanya, sai da damina ta zo shanu suka shiga gero, aka ci mu tara a kan ƙasar da asali tamu ce. Saboda haka kowane ruga ya samu igiya guda, a auna ta mita 10 da awon tela, a ƙulla kowace mita, a ajiye ta wajen ardo. Ranar shata iyaka a fito da ita.

Masu tsallakawa Nijeriya su lura da kalmar eka. A nan idan ma'aikaci ya ce eka, fili yake nufi mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Can kuwa eka ta Ingilishi ce, sai an haɗa biyu da rabi kafin a samu tamu guda.

Sai kasuwa. Tiya cika take aunawa, kilo kuwa nauyi. Tiyar gero kusan kilo 2 da rabi ce, shi ya sa buhu mai kilo 100 ke ba da tiya 40. Amma tiyar dusar alkama ba ta kai rabin wannan nauyi ba, kuma tiya ma iri-iri ce: wata an bubbuga gindinta ya shige ciki, wata an yanke mata baki. Wanda ya sayar da ɗan maraƙi don ya sayi hatsi da dusa lokacin bazara, ya nemi a ɗora buhun a sikeli, ko ya tafi da tiyarsa.

Maganin dabbobi ma da kilo ake lissafa shi. Allurar ivermectin da muka saba saye, mililita 1 ce ga kowane kilo 50 na nauyin dabba. Saniya mai kilo 250 mililita 5 take buƙata. Idan muka rage don tsimi, tsutsa ba ta mutuwa, kuɗin kuma sun tafi. Malamin dabbobi yana da zare na musamman da ake zagaya ƙirjin saniya da shi a karanta nauyinta. Mu roƙe shi ya koya wa yaranmu da suka yi lakkol yadda ake karanta shi kafin mu tashi mashekari.