Zangon Agege Tsakanin Katafila da Takarda

   

Ni dai ba na cikin masu kuka da zuwan titi da jirgi, domin jirgi ne ya haifi Zangon nan. Layin dogon da ya tashi daga Ikko ya isa Badun a 1901, ya kai Kano a 1911. Manoma irin su J. K. Coker sun buɗe gonakin koko a Ifako, goro ya biyo baya, kakanninmu suka sauka kusa da tasha suna saye ƙwarya-ƙwarya, suna ɗaure huhu, suna loda wa jirgi zuwa Arewa. Baƙo ya sauka gidan fatoma, a ba shi ɗaki da tuwo, a haɗa shi da dillali, a tsaya masa in bashi ya shiga tsakani. A haka masallaci ya tashi, makarantar allo ta biyo, aka naɗa sarki.

Yau jirgin ya dawo da sabon ƙarfi. An buɗe gadar Pen Cinema a watan Maris na 2021, kuma duk wanda ya taɓa maƙalewa a mahaɗar layin dogon nan ya san ta sauƙaƙa wa jama'a. A watan Yuni na shekarar aka ƙaddamar da sabon layin Legas zuwa Badun, a Fabrairun 2024 kuma aka buɗe Jan Layi daga Agbado zuwa Oyingbo. Madalla. Sai dai an rushe shaguna da gidaje kafin a kai ga haka, kuma filin da ke kusa da tasha yanzu ya zama zinariya. Abin da katafilar gwamnati ta bari, magada na iya sayar da shi da hannunsu ranar rabon gado, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Ku tuna ginin Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu. Tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, amma a watan Satumban 2016, ana jajibirin Babbar Sallah, aka baje shi. Ginin da ke da doka a bayansa ke nan! To ina ga gidan fatoman da babu wanda ya rubuta shekarar da aka gina shi? A ɗaya gefen kuma ga gidan Jaekel a Ebute Metta, tsohon ginin hukumar jiragen ƙasa, wanda ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara ya zama gidan tarihi, don kawai wasu mutane sun tsaya masa.

Tarihinmu a nan ba shi da bene mai ado da zai ja hankalin ɗan yawon buɗe ido. Yana cikin zaure, da ɗakunan baƙi, da wurin wankin goro, da bakin dattawan da ke barinmu ɗaya bayan ɗaya. Hausawan Sabo a Badun sun samu Abner Cohen ya rubuta littafi a kansu a 1969. Mu kada mu jira Bature.

Ba kowane tsohon bango ne ya cancanci a kare ba. Gidan da ruwa ke shiga duk damina, iyalinsa suna da haƙƙin su gina sabo. Amma tun ran gini, ran zane. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma ranar biyan diyya takarda ake tambaya, ba a tambayar shekarun da kakanka ya yi a wurin. Jihar Legas tana da dokar kare wuraren tarihi, sai dai ba ta san gidan da ba a kai mata sunansa ba.

Don haka ina roƙon fadar Sarkin Hausawa ta zaunar da dattawa su zaɓi 'yan gidaje da masallatan da Zango ba zai zama Zango ba in babu su, a nema musu takardar mallaka, a kai sunayensu gaban gwamnati. Attajiranmu su sayi gidan gado kafin ya fita, su yi waƙafi da shi. Ku kuma matasa, wayar da ke hannunku tana ɗaukar murya da hoto. Ku je wurin kakanninku a wannan makon, ku tambaye su wa ya fara sauka, daga wane gari, a wane gida.