Dogon Hutu Tsakanin Aji da Gona

(Jawabin da wani tsohon ɗalibi, mutumin Masama, ya gabatar a taron makon ɗalibai)



A takardar gayyatar da aka aiko mini an ce in yi magana a kan yadda ɗalibi zai amfana da dogon hutu. Na duba na ga idan na tsaya ina jero muku shawarwari, kafin in kai ta uku rabin zauren nan ya fara gyangyaɗi. Saboda haka na ga gara in ba ku labarin yaro guda, ɗan wana, da yadda ya yi hutun daminar 2023, tun da a kan idona aka yi kome, kuma da hannuna a cikin gardamar da ta taso.

Mu mutanen Masama ne, a ƙasar Gwandu. A lokacin yaron yana da shekara 16, ya gama aji biyu na babbar sakandare, kuma tun yana ƙarami ba shi da magana sai ta zama likita. Malamansa suna yabonsa, ni ma ina yabonsa, amma akwai abin da ke damuna. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta tun 2015. Tambaya 180 ce a darasi huɗu cikin awa biyu, maki 400. Shi kuwa yaron nan, in ka ɗebe wayar hannu, bai taɓa ɗora yatsa a kan wata na'ura ba. Da na ji wasu malamai sun shirya darussan share fage na mako biyar a Birnin Kebbi, sai na nufi gida da murnata, ina tsammanin albishir na kai.

Wana ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya tambaye ni wane wata ne. Na ce daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta. Ya yi shiru, can ya ce, "Kai ƙarshen wata kake jira, ni ƙarshen damina nake jira. Wa zai yi mini maimai?"

Jama'a, kada wani ya yi saurin cewa jahilci ne ya hana shi gane amfanin karatu. Shi ya sayar da ragonsa ya biya mini kuɗin makaranta a zamanin da nake zaune inda kuke zaune yanzu. Abin da ya faɗa lissafi ne tsantsa. Dogon hutunmu yana faɗowa daidai lokacin da gona ta fi bukatar hannu, watau lokacin maimai da huɗa da zuba taki, lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa, sabon gero kuwa bai nuna ba. A wannan shekara kuma, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota da na taki da na 'yan ƙwadago duk suka tashi tare. Ɗauke saurayi mai ƙarfi daga gida a irin wannan lokaci ba ƙaramin abu ba ne, kuma mu da muke birni mukan manta da haka in muna tsara wa yara hutunsu.

Mahaifiyarmu ce ta raba gardamar. Ta ce yaro ya tafi makonsa biyar, ni da na kawo maganar in biya wanda zai tsaya masa a gona, sauran hutun kuma na ubansa ne, ko kwana guda kada in ƙara. Na ce, "To, Inna." Ba a ja da ita.

Kafin in ci gaba, bari in tuna muku cewa share fage ba sabon abu ba ne a Arewa. A 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fage a Zariya, wadda aka sani da SBS, domin ta ga 'yan Arewa da suka cika sharaɗin shiga jami'a kai tsaye ba su da yawa. Da dama daga cikin manyan ma'aikatan da kuke jin sunansu ta wannan ƙofa suka bi. Jarrabawar IJMB, wadda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a, ita ma daga Zariya ta fito. A wancan zamani ɗan ƙasar Gwandu sai ya yi doguwar tafiya kafin ya ga jami'a da idonsa. Daga baya aka kafa ta Sakkwato a 1975, aka yanki Jihar Kebbi a 1991, aka kafa jami'ar jiha a Aliyaru a 2006, sa'an nan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Gini dai ya matso kusa da mu ƙwarai. Tambayar ita ce, ko ƙofar shiga ta matso da ɗan ƙauye kamar yadda ginin ya matso?

Makon farko a Birnin Kebbi yaron bai ji daɗinsa ba. Ya tarar da 'ya'yan ma'aikata waɗanda Turanci ke zuba a bakinsu, waɗanda kwamfuta abin wasa ce a gidajensu. Shi da ya saba zama na ɗaya sai ya koma kujerar baya ya kame bakinsa. A gwajin farko lokaci ya ƙare masa bai kai rabi ba, ba don bai san amsa ba, sai don hannunsa na rawa, yana tsoron kada ya taɓa wani wuri kome ya goge. Da dare ya ce mini, "Baffa, ni gida zan koma." Na ce masa na riga na biya ɗan ƙwadago, babu fashi.

Ba zan ce muku darussan nan ba su da aibu ba. Yawancinsu haddar tsofaffin tambayoyi ne, ana koya wa yaro dabarar zaɓen amsa fiye da fahimtar darasi, wani malamin ma sai ya yi kwana biyu bai leƙo ba. Amma abu biyu sun biya kuɗin. Na farko, zuwa mako na uku hannunsa ya daina rawa. Na biyu ya faru a ɗakin gwaje-gwaje. Shekara biyu yana haddace cewa idan aka ɗiga wani ruwa a cikin wani launi zai sāke, ya rubuta a jarrabawa ya ci, amma bai taɓa gani ba. Ran da ya ɗiga da hannunsa ya ga ruwan ya juya, ya dawo gida yana ba ni labari har abincinsa ya huce. A makon ƙarshe aka kai su jami'ar da ke Kalgo, ya shiga ɗakin karatu, ya ce mini bai san ana tara littattafai haka a wuri guda ba.

To, sai komawa gida, kuma a ganina nan ne ainihin labarin. Yaro ya sauka Masama da tafin hannu mai laushi da 'yan kalmomin Turanci a baki, yana ƙorafin duhu da sauro kamar ba a nan aka yanke cibiyarsa ba. Ubansa bai ce masa uffan ba, da asuba dai ya miƙa masa fartanya. Kafin azahar hannu ya yi bororo, kakarsa tana shafa masa man kaɗe tana yi masa ba'a, wai likitanta ya zama majinyaci. Kwana uku suna gaisawa da ubansa sama-sama, kowa yana ganin ɗaya ya raina shi.

Abin da ya sasanta su kwalbar maganin feshi ce. Wana ya saba auna maganin da ido, kamar yadda ya ga maƙwabta na yi. Yaron ya ɗauki kwalbar ya karanta abin da aka rubuta a jikinta, ya ga suna zuba kusan ninkin abin da aka ce, kuma suna feshi ba su rufe hanci da baki ba. Ya faɗa cikin ladabi, ubansa ya yi kamar bai ji ba, amma washegari da murfin kwalbar ya auna. Bayan kwana biyu suka bi ta wani gefen gona inda ganyen dawa ya yi ɗorawa, uban ya ce wurin nan yunwa yake ji, taki fari yake so. Yaron ya tsaya yana kallonsa, domin abin da aka koya musu ke nan, cewa rashin sinadarin naitirojin ne ke sa tsohon ganye ya yi ɗorawa, kuma takin yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ne. Ya ce mini daga baya, "Baffa, ashe Baba ya san abin, sunansa ne kawai bai sani ba." Daga ranar nan ya daina ƙorafin sauro. Kafin hutu ya ƙare gero ya fara nuna, su biyu suka zauna bakin gona suna gasa tumu.

Wannan ya tuna mini da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu. A littafinsa Ida'un Nusukh ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, kuma da gida ya fara, watau mahaifinsa da ya koya masa Alƙur'ani, sai wansa Shehu Usmanu, kafin ya ambaci irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Mutumin da ya rubuta tafsiri sukutum bai ga ƙasƙanci ba a ce karatunsa a zauren gidansu ya soma. Mu kuwa da zangon karatu biyu a jami'a sai mu koma gida muna gyara wa iyayenmu magana.

Akwai wani abu kuma da nake jin kunyar faɗa, amma zan faɗa. Yaron yana da ƙanwa mai bi masa, wadda kowa a gidan ya san ta fi shi lissafi. Duk gardamar da muka yi, babu wanda ya ambaci sunanta, har da ni mai taƙama da boko. Takardun da ya dawo da su ita ta riƙa ɗauka da dare bayan ta gama aikin gida, tana haska tocila tana warware tambayoyin, wani lokaci ta riga shi. A ƙasar da Nana Asma'u, 'yar wan Malam Abdullahi, ta riƙa tura jajinta ƙauyuka suna karantar da mata tun ƙarni na 19, ni ban tuna da yarinyar da ke cikin gidanmu ba sai da na ga hasken tocilarta.

Za ku so ku ji ƙarshen yaron. Ya zauna jarrabawa a Afrilun 2024, ya gama cikin lokaci, amma makinsa bai kai na likita ba. Mako biyar ba ya cike ramin shekara shida. Ya yi baƙin ciki ƙwarai, daga baya ya karɓi gurbi a fannin aikin gona, kuma har yau in an yi maganar asibiti yakan yi shiru.

Roƙona gare ku, musamman 'yan ƙasar Gwandu da Kalgo, shi ne a hutu mai zuwa mu juya tafiyar. Maimakon a ɗauko yaro guda a kai shi birni a bar gona da ƙannensa mata, mu mu ɗauki darasin mu kai musu. Mako biyu ya isa a fara. A nemi izinin hakimi da shugaban makaranta, a ari aji guda, a sa lokaci bayan la'asar in an taso daga gona, a bar ranar kasuwa. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya zo da ita a cike da caji, ko guda uku aka samu yara za su yi layi su saba. A ware wa 'yan mata nasu lokaci, kuma 'yan'uwanmu ɗalibai mata su ne za su shiga gidaje su roƙi iyaye, domin su aka fi saurara a wannan magana.

Takarda tana bakin ƙofa ga mai son sa sunansa. Waɗanda suka zaɓi Masama, wana ya ce in gaya muku ya ba da zaurensa da tabarmi, fura kuma Inna ta ɗauki nauyi, amma da sharaɗin kowa zai yi safiya guda a gona.