KASHI NA 14: Shokozobar baya, inda ake cin tsere kafin a kai ƙafa goma

Yau za mu je Amurka ne, wajen masu tseren babur mai ƙafa huɗu a kan yashi. Layi ne miƙaƙƙe, ƙafa 300, wato kusan mita 91. Babu kwana, babu birki sai an wuce layi. Cikin 'yan daƙiƙu an gama. Babur ɗin da ya yi suna a wannan harka shi ne Yamaha Banshee 350, mai silinda biyu, wanda aka sayar a Amurka daga 1987 zuwa 2006. Har yau ana ta gyara tsofaffinsa ana tsere da su.

To, ni kuskuren da na fara yi, duk kuɗina a inji na zuba. Ranar gwaji na saki kuloci, bayan babur ya nutse, ya dawo sama da ƙarfi, tayoyi suka riƙa tsalle, gaba ya ɗaga. Wallahi saura kaɗan ya kife da ni ta baya. Injin lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana baya.

Ku fahimci abin da ke faruwa. Da ka ba da totur, nauyi yakan koma baya ya danne tayoyi, wannan dannewar ce ke sa su kama ƙasa. In shokozoba ta yi laushi da yawa, sai ta nutse har ƙarshe ta yi tsalle ta dawo, taya ta saki ƙasa. In kuma ta yi tauri kamar dutse, taya ba ta samun lokacin kamawa, sai ta yi ta juyawa a banza tana watsa yashi. Abin da ake nema shi ne ta ɗan zauna, ta tsaya a nan, sannan ta dawo a hankali. Shi ya sa ake rage saurin dawowarta da sukurun da ke saita hakan.

Sai maganar suwin'am, wato dogon ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. Masu tsere suna ƙara masa tsawo, inci shida, takwas, wasu fiye da goma, don kada gaba ya ɗaga. Amma ga inda mutane ke faɗawa, ni ma nan na faɗa: yana ƙara tsawo, yana ƙara ƙarfin da yake danna shokozoba da shi. Kamar ka sa bututu a sufana don kwance noti mai tauri. Sifirin ɗin da ya yi daidai jiya, yau ya zama lagwani. Matse shi kawai ba ya magani, sau da yawa sai an sauya da mai ƙarfi.

Su kuma 'yan ƙarafan haɗin da ke tsakanin suwin'am da shokozoba, aikinsu su sa ta yi laushi a farko, ta ƙara tauri tana nutsewa. In ka sauya su don babur ya yi ƙasa, wannan lissafin ma ya sauya. Wasu ma cire su suke yi su ɗaura shokozoba kai tsaye, wasu su sa sandar ƙarfe maras motsi. Sandar tana iya yi a fili mai santsi kamar tebur, amma rami ɗaya ya isa ya jefar da kai.

Abu biyu kafin ka hau. Duba boris da bushin na haɗin, in suna girgiza duk saitinka aikin banza ne. Sannan ka danna bayan babur ka duba sarƙa, don ta fi ɗaurewa lokacin da ƙaramin haƙori na inji, mahaɗar suwin'am da gatarin baya suka jeru a layi ɗaya. In a nan ba ta da sauran sako-sako, za ta hana shokozoba aiki, ko ta tsinke.

Kuma don Allah, abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a kowane gwaji. Ka sa aboki ya ɗauki bidiyon tashinka ta gefe da waya, ku kalla a hankali, ka rubuta. Hular kwano dole ce, kuma a filin tsere, ba a titin unguwa ba.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa, mako mai zuwa tayoyin yashi za mu taɓa. Sai mun haɗu, in sha Allahu.