Kujerar Neja ta Gabas: Daga Akwati Zuwa Kotu

 

Ranar zaɓen tarayya, mutumin garin nan namu na Beji yakan karɓi takardu uku a rumfa: ta shugaban ƙasa, ta sanata, da ta ɗan majalisar wakilai. Ta farko kowa ya san inda zai dangwala tun daga gida. Ta ukun, wadda ta haɗa Bosso da Paikoro, ita ma ba baƙuwa ba ce, tunda a 2019 Shehu Barwa Beji ne ya tafi Abuja da ita ƙarƙashin APC. Ta tsakiyar ce wasu ke dangwalawa cikin gaggawa, da ragowar tawadar da ke yatsa, don su koma kasuwa kafin rana ta yi. A kanta nake so mu tsaya.

Mazaɓar Neja ta Gabas ƙananan hukumomi tara ce: Bosso, Chanchaga, Paikoro, Shiroro, Munya, Rafi, Gurara, Suleja da Tafa. Ku dubi faɗinta. Ma'aikacin da ke kwana a Suleja yana sammakon zuwa ofis a Abuja, manomin doya a Paiko, da Bafulatanin da ya koro shanu zuwa kasuwar nan tamu, duk sanatansu ɗaya. Gwari su ne gishirin yankin, ga Hausawa, Fulani, Koro, Kamuku da Kadara, Musulmi da Kirista. Ba wanda zai ci wannan kujera da ƙuri'ar danginsa kaɗai.

Duk da haka, shekara 15 kujerar ba ta bar garin Kuta ba. Idris Ibrahim Kuta, wanda ya taɓa zama mataimakin kakakin majalisar wakilai a Jamhuriya ta Biyu, ya riƙe ta daga 1999 zuwa 2007. Dahiru Awaisu Kuta ya karɓa har Allah Ya yi masa rasuwa a 2014. Dukansu 'yan PDP ne, kuma a zaɓen cike gurbi na shekarar aka bayyana Shem Zagbayi Nuhu, shi ma na PDP, a matsayin wanda ya yi nasara. Wanda ya kalli jerin nan zai ɗauka lemar PDP ta rufe yankin ruf. Ba haka ba ne. Tun a 2011 jihar Neja ta ba Buhari rinjaye ƙarƙashin CPC, Chanchaga kuma ta tura Umar Bago majalisa a jam'iyyar, alhali gwamna na PDP ne. Jama'a sun iya raba ƙafa.

Sai 2015. Gwamna mai ci, Mu'azu Babangida Aliyu, bayan shekara takwas a gidan gwamnati, ya nemi wannan kujera, a shiyyarsa, a garinsu. David Umaru na APC ya kayar da shi. Za a ce guguwar Buhari ce, kuma ban musa ba. Amma ku lura da wanda guguwar ta ɗauko: lauya ne Kirista, kuma ƙuri'un da suka kai shi sun fito har daga unguwannin Musulmi na Minna da Suleja. Masu cewa mutanenmu addini kawai suke dubawa a takarda, wannan shekarar tana ba su wahalar bayani.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi damuna. A 2019 APC ta sake cin kujerar, amma wane ne ɗan takararta? Mohammed Sani Musa, wanda ake kira 313, ya ce shi ya ci zaɓen fidda gwani, jam'iyya kuwa ta miƙa sunan David Umaru. Aka yi ta hawa da sauka a kotuna. An riga an rantsar da majalisa a watan Yuni kafin Kotun Ƙoli ta ce kujerar ta Sani Musa ce. Ya sake komawa a 2023. Ba ina ƙalubalantar hukuncin ba ne, alƙalai sun yi aikinsu da abin da aka kai gabansu. Ina cewa ne tsohuwar da ta yini a layi a Beji ta dangwala wa tsintsiyar APC, ba ta san cikin mutum biyun wa ta zaɓa ba sai bayan wata uku da ɗoriya.

Kuma a wannan zangon ne aka kwashe ɗalibai a Kagara a Fabrairun 2021, aka kwashe 'yan Islamiyya a Tegina a watan Mayu, duk a cikin wannan mazaɓa, hanyar da ta ratsa garin nan ta cika da masu gudun hijira ɗauke da tabarmi da tukwane. Lokacin da aka fi bukatar sanin ƙofar wa za a buga ke nan.

Don haka bari in yi tambaya kafin a buɗe fili. A cikinmu nan, wa ya san sunan daliget ko ɗaya da ya wakilci gundumar Beji a zaɓen fidda gwani na 2022, a kowace jam'iyya? Ya ɗaga hannu in gani.